Yadda na zaɓi gilashin idon-kifi don ɗaukar bidiyo

Kafin in duba sunan kowane gilashi, sai da na rubuta a takarda irin hoton da nake nema: abu mai motsi da zai riƙa wucewa gaban kyamara a nisan da bai kai rabin mita ba, a wuri matsattse, kuma ina son a ga abin tare da duk wurin da yake ciki. Gilashi mai faɗi na yau da kullum, wanda ke barin layuka a miƙe, yana fara jan gefen hoto da zarar ya wuce digiri 110 zuwa 120, kuma ko ta halin ƙaƙa ba zai kai 180 ba. Idon-kifi shi ne ya yarda layuka su lanƙwashe don ya kwaso komai. Sunan kansa daga Robert Wood ya fito, wani masanin haske ɗan Amurka da ya bayyana a 1906 yadda kifi ke hango duniyar waje daga ƙarƙashin ruwa.

Abu na biyu da na rubuta shi ne ainihin girman wurin da kyamarata ke amfani da shi a kan sensa, wato ɗan faifan da ke karɓar haske a cikinta, idan tana ɗaukar bidiyo. A nan ne yawancin masu saye ke tafka kuskure, domin lambar da ke jikin kwalin gilashi don hoto marar motsi aka lissafa ta.

Sensa cikakkiya faɗinta milimita 36 ne, tsayinta 24, daga kusurwa zuwa kusurwa kuma 43.3. Idan an ce gilashin milimita 15 yana ba da digiri 180, ana nufin daga kusurwa zuwa kusurwar wannan firam ɗin. Amma bidiyo a tsarin 16:9 yake, yana yar da sama da ƙasa, tsayin ya koma milimita 20.25. Da na buga lissafi, kusurwa zuwa kusurwa ta sauko wajen digiri 170, gefe zuwa gefe wajen 143, sama zuwa ƙasa kuwa ƙasa da 80. Wannan rashin ba wani babba ba ne. Babban shi ne datsewar da kyamarori da yawa ke yi a bidiyon 4K, wato su yi amfani da tsakiyar sensa kawai su yar da gefe. Canon 5D Mark IV tana datsewa da kusan 1.74, Sony a7 IV tana komawa 1.5 idan ka ɗaga zuwa firam 50 ko 60 a daƙiƙa, Panasonic GH4 kuma datsewarta a 4K ta kai kusan 2.3 maimakon 2 da aka san sensarta da shi. Tawa tana amfani da cikakken faɗi a firam 25, tana datsewa da 1.5 a firam 50, ni kuma duka biyun nake buƙata, don motsi mai sauri sai da firam 50 ake iya sassauta shi a wurin tacewa.

Don in gani da idona, na ari gilashin milimita 15, na kafa kyamara a kan ƙafa-uku, gaban gilashin yana nisan santimita 50 daga bango, na manna awon tela a jikin bangon daidai tsakiyar firam. A firam 25 na ga kusan mita uku na bangon. Da na koma firam 50 sai abin ya tsuke zuwa mita ɗaya da ɗan abin da ba a rasa ba. Wato gefe zuwa gefe ya faɗo daga wajen 143 zuwa wajen digiri 92. Abin da ya rage ba idon-kifi ba ne, gilashi ne mai matsakaicin faɗi da ɗan kumburi a tsakiya, irin kumburin da mai kallo zai ɗauka aibi ne domin bai kai a gane da gangan aka yi ba. Gwajin bai ci minti goma ba, kuma shi ya yanke rabin hukuncin.

Daga nan sai tambayar wane iri. Iri biyu ne. Akwai mai ba da da'ira a tsakiyar firam, baƙi ya kewaye ta, akwai kuma mai cika firam har kusurwa. Mai da'ira na ajiye shi gefe da wuri, amma dalilin ya cancanci a faɗa. An ƙera da'irar ta dace da tsayin milimita 24, bidiyon 16:9 kuwa 20.25 yake gani, don haka sai a aske mata sama da ƙasa, ta zama ba da'ira ba, ba cikakken hoto ba. Wanda ke son da'ira cikakkiya a bidiyo sai dai ya sami kyamarar da ke ɗauka da sensa gaba ɗaya a tsarin 3:2 ko 4:3, kamar Panasonic S5 II ko GH6, ko ya nemi gilashin da milimitarsa ta fi ƙanƙanta, irin su Laowa mai milimita 4 da ke kwaso digiri 210. Kuma ya sani wajen rabin fiksel ɗinsa baƙi za su ɗauka.

Inda na fi daɗewa shi ne a kan yadda kowane gilashi ke shimfiɗa hoto, domin milimita iri ɗaya ba ta nufin hoto iri ɗaya. Yawancin idon-kifi, har da na Canon da Sigma, suna bin tsarin da takardun bayani ke kira equisolid, ni kuma nake ce masa mai matse gefe. A cikinsa, nisan da ke tsakanin tsakiyar sensa da inda digiri 180 ya ƙare shi ne milimitar gilashin sau 1.41. Ɗaya tsarin shi ne stereographic, mai sakin gefe, inda nisan ya kai milimitar sau 2. Gilasan Samyang, wato milimita 8 f/3.5 na ƙaramar sensar da ake kira APS-C da milimita 12 f/2.8 na sensa cikakkiya, sun fi karkata nan. Shi ya sa milimita 8 na Samyang ke cika firam ɗin APS-C, alhali milimita 8 na Sigma da'ira yake bayarwa a sensa cikakkiya, a APS-C kuma ya bar kusurwoyi baƙi. Lamba ɗaya, aiki daban.

Da wannan ɗan lissafin kana iya tantance kowane gilashi tun kafin ka taɓa shi. Ka raba tsawon kusurwa zuwa kusurwa na firam ɗin bidiyonka gida biyu, sannan ka raba abin da ya fita da 1.41. A wurina, cikakken faɗi ya ba ni 20.6, wato ina buƙatar milimita 14 zuwa 15. Datsewar 1.5 ta ba ni 13.8, wato wajen milimita 10. Mai sensar Micro Four Thirds, wadda ta fi APS-C ƙanƙanta, zai sami wajen 7 a 16:9, ko 7.5 zuwa 8 idan ya ɗauki sensar gaba ɗaya, kuma ba haɗari ba ne da Samyang ya yi 7.5, Olympus da Panasonic suka yi 8.

A hoto marar motsi bambancin tsarin biyu bai cika damun mutum ba. A bidiyo kuwa yana fitowa fili, saboda abu yana ratsa firam. Na sa an gangara ƙwallo daga hagu zuwa dama a nisan rabin mita, na ɗauka da kowanne. A mai matse gefe, ƙwallon ta shigo a siririya kamar an danne ta, ta kumbura a tsakiya, ta sake tsukewa, saurinta ma ya yi kamar ya ragu a gefe ya ƙaru a tsakiya. A mai sakin gefe ta zauna a zagayenta kusan ko'ina. Idan mutane za su riƙa tsayawa a gefen firam, ko za ka riƙa juya kyamara hagu da dama, mai sakin gefe ya fi sauƙi a ido, kuma ba ya saurin sa mai kallo jiri. Idan kuwa abin ɗauka kullum yana tsakiya kuma kana son ya yi tsalle ya fito, matsewar gefen taimako ce. Wannan kumburin ne masu ɗaukar wasan allon gudu suka so tun zamanin Sony VX1000 da gilashin Century da ake ɗaura mata a gaba. Da a ce a firam 25 kawai ko a 50 kawai nake ɗauka, da mai sakin gefe zan saya ba tare da wani dogon tunani ba.

Amma ina buƙatar milimita 15 da milimita 10 a rana ɗaya, wani lokaci a cikin minti ɗaya. Hanya biyu ce: gilashi biyu, ko zum guda. Masu zum a wannan fanni ba su da yawa. Akwai Canon EF 8-15 f/4, akwai Nikon 8-15 f/3.5-4.5, akwai Tokina 10-17 wanda masu ɗaukar hoto a ƙarƙashin ruwa suka daɗe suna so. Na Canon ƙofar haskensa ba ta canzawa idan ka juya zum, wanda a bidiyo yake nufin haske ba zai yi tsalle ba, yana kuma da ɗan makulli da ke hana zum sauka ƙasa da 10. Wannan makullin ya yi daidai da buƙatata ta firam 50.

Sai dai ban yanke hukunci ba sai da na warware batun filta, domin shi ne abin da ke kashe idon-kifi a bidiyo da rana. Don motsi ya fito a sake, shota, wato tsawon lokacin da haske ke shiga kowane firam, tana zama a ninkin adadin firam: 1/50 ga firam 25, 1/100 ga firam 50. A tsakiyar rana, a ISO 100, wato ma'aunin yadda sensa ke jin haske, da shota 1/50, haske daidai yana neman a tsuke ƙofar haske zuwa f/22. A f/22 kuwa hoto ya riga ya yi laushi saboda ƙanƙantar ƙofa, kuma duk ƙurar da ke kan sensa za ta fito. Don a dawo f/8 sai an rage haske mataki uku, wato a sa filtar rage haske da ake kira ND8. Idan kana ɗauka da tsarin log, mai ajiye hoto a dushe don a gyara launi daga baya, wanda ke farawa daga ISO 800, ƙara wasu ukun, ya zama mataki shida, wato ND64. Gaban idon-kifi kuma a kumbure yake kamar rabin ƙwallo, babu zaren da za a murɗa filta, ko da an yi dabarar riƙe ta a gaba bakinta zai shigo hoto.

Mafita uku na auna. Ta farko, aljihun baya: Canon 8-15, Nikon 8-15 da Sigma 15 suna da ɗan aljihu a bayansu da ake yanka filtar leda a zura. Yana aiki, amma duk sauyin haske sai an cire gilashi a fili, ledar kuma tana saurin ɗaukar tabon yatsa da ƙarzuwa. Ta biyu, filtar da ake maƙalawa a cikin kyamara gaban sensa, ita ma sai an cire gilashi. Ta uku, adafta mai aljihun tebur da ake zaro filta daga gefe. Wannan tana yiwuwa ne kawai idan gilashin na tsohuwar kyamara mai madubi ne: bakin EF na Canon, inda ake ɗaura gilashi a tsohuwar kyamara, yana nisan milimita 44 daga sensa, bakunan marasa madubi kuwa, Canon RF 20, Sony E 18, to a cikin wannan ratar ta milimita 24 zuwa 26 filtar ke zama. Gilashin da aka ƙera kai tsaye don kyamara marar madubi ba shi da wannan rata. Abin ya juye ke nan, tsohon baki ya zama fa'ida. Mai kyamara irin Sony FX6, Canon C70 ko Blackmagic Pocket 6K Pro, da ND ke cikin jikinta, wannan duk bai shafe shi ba, yana iya zaɓen gilashin da ya ga dama.

Na ɗauki ta uku, kuma abu biyu ne a lura da su. Kada a bar aljihun fanko idan an shiga inuwa: haske zai ɓulɓulo ta ramin, kuma fokas zai gusa domin an lissafa kaurin gilashin filtar a cikin hanyar haske. Sai a sa filta fara marar rage komai. Na biyu, filtar da ke kashe ƙyalli, wadda ake juyawa sama ta yi duhu, ba ta da amfani a nan, domin a digiri 170 sai ta duhunta wani yanki na sama ta bar wani, tabon kuma ya riƙa yawo idan kyamara ta juya.

Fokas ya fi duk sauran sauƙi, har ma ya sa ban ba na otomatik wani muhimmanci ba wajen zaɓi. A milimita 15 da f/8, idan ka ajiye fokas a wajen mita ɗaya, komai daga rabin mita zuwa ƙarshen gani yana fitowa. A milimita 10 da f/8, fokas a santimita 65 yana rufe daga wajen santimita 33 zuwa ƙarshe. Waɗannan lambobi na tsohon ma'aunin buga hoto ne, 4K a babban allo ya fi su tsanani, don haka nakan ɗan ƙara nisan kusa da kamar kashi ɗaya cikin uku. Na otomatik kuwa yakan yi farauta duk lokacin da abu ya gifta kusa da gilashi, hoto ya yi numfashi, gefuna su motsa. Kashe shi na yi, na saita da hannu ina kallon hoton da aka faɗaɗa a allo, na manne zoben da ɗan salatif. Alamar nesa da ke jikin zobe ba abin dogara ba ce, musamman a gilasai masu araha ko idan akwai adafta a tsakani. Ɗaya daga cikin waɗanda na gwada sai da na juya shi zuwa alamar mita ɗaya kafin nesa ta fito sarai. Bayan kowane juyin zum ma sai an sake duba fokas.

Lambar da ta fi muhimmanci ita ce kusancin da gilashi ke iya kamawa, kuma daga sensa ake auna ta, ba daga gaban gilashi ba. Canon 8-15 yana kama santimita 15, wanda ke nufin abu yana iya zuwa yatsu kaɗan daga gilashin. Samyang 8 f/3.5 santimita 30 ne. Idon-kifi yana ƙanƙantar da duk abin da ya yi nisa, mutum a mita uku ya zama ɗan mitsitsi, don haka aikinsa duka a kusa ne. Wannan bambanci na santimita 15 shi ne dalili na biyu da ya ja ni wajen zum ɗin.

Sai daidaita girgiza. Faɗin gilashin da kansa yana ɓoye rawar hannu, har ma da karkatar layuka da sensa mai karanta hoto layi-layi ke haifarwa. Amma na'urar da ke motsa sensa don kashe girgiza tana lissafi ne kamar layuka a miƙe suke, don haka tsakiya ta tsaya cak, kusurwoyi su riƙa kaɗawa kamar tuta. Na yi tafiyar taku ashirin sau uku: da ita a kunne, a kashe, sannan da ta lantarki mai datse gefe. A kashe ya fi kyau, da sharaɗin kyamara tana kan mariƙi mai ɗan nauyi, gwiwar hannu a manne da jiki. Idan gilashin ba ya magana da kyamara, wato ba shi da 'yan ƙarafan lantarki a baya, dole a shigar da milimitarsa da hannu a cikin saiti, in ba haka ba kyamara za ta yi gyaran da ya fi girgizar muni. Manhajar Gyroflow, wadda kyauta ce, tana amfani da bayanan motsi da wasu kyamarori ke ajiyewa tare da taswirar lanƙwasar gilashin, kuma ita ce na ga ta fi fahimtar idon-kifi. Sai dai tana son shota mai sauri, kamar 1/200, domin ba ta iya goge dishi-dishin da girgiza ta riga ta bari a cikin firam, tana kuma cin wani yanki na gefe.

A gwajin tafiyar nan ne na ga abubuwan da ke kutsowa. Makirfon da ke kan kyamara ya leƙo daga sama, sai da na mayar da shi baya. Ƙafar gaba ta ƙafa-uku ta fito a ƙasa, maganinta a juya ƙafa biyu su koma gefe da gefe, a ɗan ɗaga sandar tsakiya. A kan gimbal, wato mariƙi mai motoci da ke daidaita kyamara, motar gefe ta shigo a milimita 15. Inuwar mai ɗauka tana shiga duk sanda rana ke bayansa, idan kuma tana gaba ko gefe to ita kanta tana cikin firam. Saboda haka na ɗauki kowane gilashi da rana a kusurwa, ina juyawa a hankali, don in ga irin ɗigon kore da hazon da yake jawowa. Na kuma duba rassan bishiya a gefen firam don neman jan layi ko shuɗi a bakin abubuwa. A hoto ana goge wannan da latsawa ɗaya, a bidiyo kuwa yakan gasu a cikin fayil, kuma gilashin da ba ya magana da kyamara ba ya samun gyaran cikin gida.

Hular gilashi ma abin dubawa ce. Wadda ake cirewa ta fi wadda aka ƙera a manne, domin ta manne tana fitowa a hoto da zarar ka sa gilashin a sensar da ta fi wadda aka yi shi dominta girma. Kuma layin da sama ta haɗu da ƙasa yana miƙewa ne kawai idan ya ratsa tsakiyar firam. Ka ɗaga kai kaɗan ya lotsa kamar kwano, ka sunkuyar ya yi tudu. Na kunna ma'aunin daidaito na allo na bar shi a kunne.

Akwai masu sayen idon-kifi da niyyar miƙe shi a wurin tacewa, su ce sun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na gwada, ban ba da shawara ba. Don a miƙe hoton mai matse gefe, wurin da ke digiri 45 daga tsakiya sai an ja shi fiye da ninki biyu, na digiri 60 kuwa fiye da ninki huɗu da rabi. Tsakiya tana nan 4K, gefe ya zama kamar an shafa masa mai, kusurwoyin kuma a yar da su. Wanda ke son layi miƙaƙƙe ya sayi gilashin milimita 12 ko 14 na yau da kullum. Abin da ke yiwuwa shi ne rage lanƙwasar kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu, don a sassauta gefe.

Da Canon 8-15 ɗin ya zo hannu, na yi masa binciken ƙarshe kafin lokacin mayarwa ya wuce. Na haska tocila a gaban gilashin ta gefe don neman ƙarzuwa, domin a idon-kifi ɗan tabo ko ƙura a gaba yana fitowa a hoto idan an tsuke ƙofa, musamman rana na dukansa. Na sa wani gini mai nisa a kowace kusurwa huɗu bi da bi, a f/4 sannan a f/8, ba tare da taɓa fokas ba. Idan kusurwa ɗaya ta fi sauran laushi sosai, gilasan ciki ba su zauna daidai ba, ko adafta ta karkace, sai a sake gwadawa da wata adaftar don a gane mai laifi. Daga nan na ɗauki farin bango a kowane yanayi da nake amfani da shi, na duba kusurwoyi a allon kwamfuta, domin ɗan allon kyamara yana ɓoye baƙin da bai fi fiksel kaɗan ba. A firam 25 kusurwoyi sun wanke daga 14 zuwa sama, a firam 50 sun wanke a 10 har da hula a kai. Na manna farin salatif a jikin zoben zum na ja layi biyu, ɗaya a 15 na rubuta 25, ɗaya a 10 na rubuta 50, na kuma yi wa zoben fokas alama biyu da suka dace da su a f/8.